Ƴar Kyamarar Gidan Liman

Ya ku ƴan uwa masu karatu, iyayenmu maza da mata, muna neman aron hankalinku domin mu ba ku labarin wata ƴar na'ura da ta shigo gidanmu a Damagaram a shekarar 2008, da abin da muka samu a hannunta, da abin da muka rasa.

Mu ƴaƴan gidan liman ne a unguwar Birni. Mun tashi babu hoto ko ɗaya a bangon gidanmu. Mahaifinmu, wanda kowa ke kira Malam har mu ƴaƴansa, sau biyu kawai ya taɓa zama gaban mai hoto: ranar katin shaidar ɗan ƙasa da ranar fasfon aikin hajji. Idan maƙwabta suna aure ko suna, sukan kira mai hoto ya zo da kyamararsa ta fim, mai cin hoto 24 ko 36, ya jera mutane kamar sahu, kowa ya ɗaure fuska, sa'an nan a jira mako guda kafin a ga abin da ya fito. Sau da yawa sai a tarar amarya ta fito ido a rufe, alhali kuwa an riga an biya.

Babban yayanmu, da yake fatauci tsakanin Kwatano da gida, shi ya sayo ta a hannun wani, jaka 35 na sefa. Girmanta bai wuce sabulun wanka ba. Tana cin ƙananan batura biyu irin na rediyo, tana da ɗan allo a bayanta inda mutum ke ganin hoton nan take, da katin ajiya mai ɗaukar hoto kusan 400. An rubuta a goshinta cewa ƙarfinta megafiksel 7 ne, wato ɗigo miliyan 7 ne ke haɗuwa su zama hoto guda. A lokacin muna ajin ƙarshe na lise, kuma da yake mu ne masu iya karanta takardar bayaninta da Faransanci, sai riƙonta ya faɗo hannunmu.

Ba a ɓoye wa Malam komai a gidanmu, saboda haka bayan sallar isha'i muka kai ta gabansa, gabanmu yana faɗuwa. Ya juya ta a tafin hannunsa, ya daɗe bai ce uffan ba. Daga baya ya ce malamai sun saɓa a kan wannan mas'ala tun da aka fara ta. Ya ambaci Shaihu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, wanda ya riƙe muƙamin muftin Masar kuma ya rasu a 1935, ya ce shi yana ganin hoton kyamara tsare inuwa ne kamar yadda madubi ke nuna fuska, don haka ya halatta shi. Ya ambaci Shaihu Ibn Baz na Saudiyya, wanda ya rasu a 1999, ya ce shi ya hana sai da lalura, kamar fasfo da katin shaida. Ya ce shi kansa ya fi natsuwa da nisantar abin, amma ba zai ɗora wa ƴaƴansa haramcin da magabata ba su haɗu a kansa ba. Sai ya gindaya mana sharaɗi uku: kada mu ɗauki kowa sai da izininsa, kada a rataya hoto a bango, kada hoton matan gida ya fita ƙofar gida. Muka amsa da sauri, irin amsar yaron da hankalinsa ke kan abin wasa.

Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne, asalin wannan na'ura mun san shi tun muna ƙanana ba mu sani ba. Akwai wani ɗakin ajiya a gidanmu mai duhu, ƙyaurensa da ƴar huda. Idan rana ta take, muka shiga muka rufe, mukan ga surar masu wucewa a tsakar gida tana motsi a jikin bango, kai a ƙasa, ƙafafu a sama. Muna yara mun ɗauka aikin aljanu ne. A lise malamin kimiyya ya gaya mana cewa Hasan Ibn al-Haisam, haifaffen Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya yi bayanin wannan a littafinsa Kitab al-Manazir: haske yana tafiya miƙe, idan ya ratsa ƙaramar huda sai na sama ya sauka ƙasa, na ƙasa ya hau sama. Ita kalmar kyamara ma daga Latin ta fito, ma'anarta ɗaki. Tamu ƴar na'urar ɗakin nan ne aka ƙanƙance, aka sa gilashi a madadin huda, aka sa wani ɗan faranti mai jin haske a madadin bango. Ta farko irinta, wadda ba ta buƙatar fim, wani injiniya mai suna Steven Sasson ya haɗa ta a kamfanin Kodak na Amurka a 1975. Nauyinta ya haura kilo 3 da rabi, tana kwashe daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto guda baƙi da fari a kaset. Shekara 33 bayan haka, jikarta tana aljihun ɗan makaranta a Damagaram.

Ba a daɗe ba muka gane cewa araha tana da halinta. Ɗan farantin nan mai jin haske bai kai faɗin farcen ƙaramin yatsa ba, don haka kyamarar kamar kaza take: da rana ido garau, da magariba sai lalube. Hoton da muka ɗauka cikin ɗaki da dare yakan fito da tsakitsaki kamar an watsa masa gero. Ƴar fitilarta mai walƙiya ba ta wuce taku huɗu, wanda ke kusa ya fito fari fat da jajayen idanu, na nesa ya nutse cikin duhu. Sannu a hankali muka koyi kashe fitilar, mu fitar da mutum inuwar darbejiya da hantsi ko bayan la'asar, mu sa haske ya faɗa a fuskarsa, domin idan rana tana bayansa ba a ganin komai sai baƙar sura.

Ranar hawan sallah ta koya mana wani darasin. Muka tsaya kusa da ƙofar fadar Sarkin Damagaram, kakaki yana tashi, dawaki suna sukuwa, muna ta latsawa. Da muka koma gida muka duba, cikin hoto 60 fiye da rabi wutsiyar doki ce da ƙura. Dalili kuwa, irin wannan kyamara tana jinkiri tsakanin latsawa da ɗauka, domin sai ta daidaita idonta tukuna. Maganinsa shi ne a danna maɓallin rabi, a riƙe har ta daidaita a kan wurin da dokin zai bi, sa'an nan a ƙarasa dannawa idan ya iso. Haka kuma muka gane cewa jawo nesa kusa iri biyu ne: wanda gilashi ke yi da kansa, tamu ninki 3 take iyawa, da wanda na'ura ke yi ta hanyar kumbura ɗigo, wanda ba ya ƙara komai sai dishi-dishi. Wanda yake son kusa, ya taka da ƙafarsa. Baturan kasuwa masu araha ba sa kai hoto 20, sai da muka tara kuɗi muka sayi masu caji. A lokacin hunturu kuwa mukan naɗe ta cikin tsumma, domin ƙwayar rairayi ɗaya tana iya hana idonta fitowa ko komawa.

Duk wannan ilimin hannu ne, kuma mai sauƙi ne. Mai wuyar ya zo a 2010, lokacin auren ƙanwarmu. Mata suka roƙi mu ɗauke su ranar ƙunshi a cikin gida, inda ba namiji sai muharrami, kowa ta ajiye mayafinta. Muka ɗauka. Bayan biki muka so wanke hotunan ɗaurin aure na maza, sai muka cire katin gaba ɗaya muka kai wani shagon wanke hoto, muka bar shi can ya kwana. Ba mu yi tunanin cewa duk abin da ke cikin katin za a juye shi a kwamfutar shagon ba. Bayan mako biyu wani abokin angon ya shiga shagon, ya ga fuskar amarya da ta ƙawayenta a allon kwamfuta, samari suna kallo. Magana ta kai gidan miji kafin ta zo gidanmu. Ƙanwarmu ta kwana uku tana kuka, ɗaya daga cikin ƙawayen kuwa iyayenta suka hana ta sake taka gidanmu.

Malam bai ɗaga murya ba. Ya kira mu zaure, ya tambaye mu sharaɗi na uku, muka faɗa. Ya ce: "Kun zaci kati kuka kai shago. Mutuncin ƴan uwanku kuka kai, kuka bar shi ya kwana a hannun baƙo." Ya sa muka je shagon tare da yayanmu aka goge hotunan a gabanmu, sa'an nan muka bi gidajen ƙawayen ɗaya bayan ɗaya muna ba iyayensu haƙuri. Har yau ba mu da tabbacin cewa babu wanda ya kwafa kafin a goge. Kyamarar ta yi wata shida a akwatin Inna, ba mu ko tambaye ta ba.

Shi da kansa ya ce a fito da ita. Wata safiya a 2012, bayan ya tashi daga wata jinya, yana zaune a zaure bisa buzunsa, almajirai sun tafi, hasken hantsi ya shigo ta ƙofa ya kwanta a gefen fuskarsa. Ya ce: "Ina abin nan naku? Jikokina da ba a haifa ba za su tambaye ku kamannina. Ku ɗauki ɗaya." Hannunmu yana rawa, muka jingina gwiwar hannu da bango, muka kashe fitila, muka danna rabi, muka ƙarasa. Ɗaya ya ce, ɗaya muka ɗauka. Ya duba ɗan allon, ya yi murmushi, ya ce ashe ya tsufa haka. A wannan karon hoton kaɗai muka juye a wani katin, muka tsaya a kan mai shago har ya wanke, muka ga ya goge. Allah Ya karɓi ran Malam a shekarar da ta biyo.

Sauran hotunan, waɗanda suka kusa 2,000, muna tara su ne a wata tsohuwar kwamfuta, muna cewa wata rana za mu zaɓa mu wanke. A 2015 kwamfutar ta mutu, masu gyara suka ce ma'ajiyarta ta lalace, babu abin da za a ceto. Sunan ƴaƴan yayyenmu, saukar karatun ƙannenmu, kakarmu tana kaɗi a ƙofar ɗakinta, duk suka tafi a yini ɗaya. Abin da ya rage mana shi ne hoto 41 da muka taɓa wankewa a takarda, har da na Malam. Abin takaici, wanke hoto mai girman santimita 10 da 15 ba ya buƙatar fiye da ɗigo miliyan 2, tamu kuwa tana da 7. Kyamarar ta yi iyakar ƙoƙarinta, sakacin namu ne.

Zamanin irin waɗannan kyamarori ya juya. A 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamarar dijital sama da miliyan 120, a 2020 ba su kai miliyan 10 ba, domin salula ta karɓe aikin. Kodak ɗin da aka ƙirƙiri abin a cikinsa ya shiga fatarar kuɗi a 2012. Sai dai a ƴan shekarun nan matasa a ƙasashe da dama sun koma neman tsofaffin, suna sha'awar launinsu da sauƙinsu. Mu ma muna ganin tana da wata fa'ida ga gida mai yara: ba ta da intanet, hoton da aka ɗauka yana nan cikinta har sai babba ya duba ya yanke shawara. Da abin da ya faru a 2010 a salula ya faru, da babu shagon da za mu je mu ce a goge.

Saboda haka, ya ku ƴan uwa, wanda ya bi fahimtar malaman da suka hana, ya tsaya a kanta, babu mai zarginsa. Wanda kuwa yake ɗauka, muna ba shi abin da muka saya da tsada. Ya nemi izini kafin ya ɗaga na'ura, ko da ƴarsa ce. Ya ware hotunan mata a wuri dabam, kada ya miƙa kati ko salula ga mai shago ko mai gyara da su a ciki. Ya ajiye abin da yake ƙauna a wuri biyu, kuma a kowace shekara ya zaɓi goma ya wanke a takarda, ya rubuta suna da shekara a bayansu.

Kyamarar tana aiki har yanzu, ko da yake murfin baturanta sai an ɗaure da roba. Da sallar da ta wuce muka ba babbar ƴarmu, mai shekara 9, bayan ta haddace sharuɗɗan nan uku. Hoton Malam kuwa ba a bango yake ba, yana cikin ambulan a akwatin Inna. Idan jikokin suka tambaya, sai a fito da shi, su duba, su yi masa addu'a, a mayar.

Allah Ya gafarta wa iyayenmu, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya ba mu ikon riƙe amana.