'Yancin Sa'a Guda: Mace da Igiyar Aure a Wani Labarin Kate Chopin

Sau da yawa idan marubuci ya so nuna ƙuncin mace a gidan aure, yakan ƙirƙiro mata mugun miji. A littafin Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu (1990), alal misali, Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta saboda amarya. Mai karatu yakan tsine wa irin wannan miji, hankalinsa ya kwanta, domin laifi ya sami mai shi. Kate Chopin, marubuciyar Amurka (1850-1904), ta hana mai karatu wannan sauƙi a gajeren labarinta mai suna The Story of an Hour, watau labarin sa'a guda, wanda mujallar Vogue ta buga a 1894.

Ga yadda labarin yake a taƙaice. Matar Mallard tana da ciwon zuciya, don haka 'yar'uwarta Josephine ta lallaɓa wajen shaida mata cewa mijinta ya mutu a hatsarin jirgin ƙasa. Ta yi kuka mai tsanani, sannan ta kulle kanta a ɗaki, ta zauna tana kallon sabon tohon itatuwa ta taga. Can sai wani tunani ya zo mata, wanda da fari ta yi ƙoƙarin korarsa: shekarun da suka rage mata nata ne ita kaɗai. Ta sauko daga bene cike da murna, sai ga mijin ya buɗe ƙofa, ashe ko kusa da wurin hatsarin bai je ba. Nan take ta faɗi matacciya. Likitoci suka ce farin ciki ne ya kashe ta.

Abin lura shi ne, Mallard mutumin kirki ne mai ƙaunar matarsa, ita kanta ta san za ta sake kuka idan ta ga gawarsa. To, me ta tsira daga gare shi? Ta tsira ne daga tsarin da ya ba wani ɗan'adam ikon ɗora nufinsa a kan wani, ko da mugunta ko da kyakkyawar niyya. Hatta sunanta na yanka, Louise, bai fito ba sai bayan da ta ɗanɗani wannan 'yanci. Kafin nan matar wane ce kurum.

Tsarin nan kuwa doka ce ta tsaya masa. A jihar Luwiziyana, inda Chopin ta yi zaman aure har mijinta ya rasu a 1882 ya bar mata 'ya'ya 6, miji ne kaɗai ke da ikon sarrafa dukiyar da ya haɗa da matarsa. Sai a 1981 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke cewa wannan doka ta saɓa wa tsarin mulki.

Kuskuren likitocin nan shi ne kan labarin. Maza ne masu ilimi da tausayi, amma ba su iya kawo wa ransu cewa matar kirki za ta so wani abu ban da dawowar mijinta ba. Na gefe yana ganin fuska ne kawai, labarin zuciya kuwa sai mai ita. Louise ta mutu babu wanda ya tambaye ta, kuma bayanin da aka yi game da mutuwarta ma wasu ne suka yi shi a madadinta.