Ladan Ɗan Ƙwadago a Karaye da Rogo

Mafi ƙarancin albashi, wato kuɗin da doka ta hana a biya ma'aikaci ƙasa da shi, ya koma naira 70,000 a Yulin 2024, sai dai dokar ba ta isa gonakin Rogo ba, balle fadamun gefen madatsar ruwa ta Challawa a Karaye, inda ake cinikin lada da fatar baki kowace safiya. Tun janye tallafin fetur a Mayun 2023, mai injin ban-ruwa kan ɗora tsadar mai a kan amfanin gonarsa, amma wanda ya wuni duƙe da fartanya ba shi da inda zai ɗora tasa, shi ya sa awon kwano ya koma rabi, kuɗin cefane kuwa sau da yawa bashi ne.