Gazawa a Zamanin Ayari

Motar da ta taso daga Maradi za ta Damagaram ba ta daɗewa a Gazawa. Ta baro Cadawa, ta baro Agye, nan ma a sauke mutum biyu, a ɗauki buhu, a nufi Tasawa. Kwalta ta koya mana kallon garin daga yamma zuwa gabas, alhali hanyar da ta yi wa Gazawa suna a dā daga arewa take gangarowa ta nufi kudu. Ita ce hanyar ayarin Abzinawa masu gishirin Bilma, waɗanda kan ratso Damargu, su yada zango a Tasawa, sannan su zo nan su gyara ɗaurin kaya kafin su tunkari Katsina da Kano.

Abin da ya sa sai an tsaya a Gazawa kuwa tsoro ne. Bayan jihadin da ya tashi a 1804, Birnin Katsina ya faɗa hannun Ummarun Dallaji a 1807. Sarki Magajin Halidu ya ja da baya zuwa Ɗankama, inda labari ya nuna ya faɗa rijiya da ya ga ba mafita. Sauran 'yan gidan sarautar suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa gadonsa a Maradi. Gobirawa su ma, bayan an kashe Sarki Ali a yaƙin Gawakuke a 1836, Sarki Mayaƙi ya tattara su a Tsibiri, can ƙasar Gidan Rumji ta yau. Ita kuwa ƙasar Katsina ta rabu biyu, kowane ɓangare na cewa shi ne mai gida, suna kai wa juna hari shekara da shekaru. Garuruwan da ke tsakani suka watse, gonaki suka koma ƙungurmin daji. Gazawa ce ta tsaya a bakin wannan daji ta ɓangaren Maradi.

A watan Janairu na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso tare da ayarin gishiri. Ya tarar da gari zagaye da kafi mai ƙarfi da gwalalo mai zurfi, mutanensa a shirye kullum. Da ayarin ya tashi ya nufi kudu sai ya shiga jejin da ba kowa, ya bi ta kufan Ɗankama, har ya ga ganuwar Katsina. Duk lokacin da na tuna wannan sai in jinjina wa manomin wancan zamani, wanda ke fita gona da kwari da baka a kafaɗa, bai da tabbacin komawa gida da yamma, amma bai bar garinsu ba. Littattafai sun cika da sunayen sarakuna irin su Ɗan Baskore da hare-harensu. Waɗanda suka sari itacen kafin, suka haƙa ramin, suka kwana gadi, ba wanda ya rubuta sunansu, kuma jikokinsu ne ke cin kasuwar garin yau.

Turawa suka zo suka shata iyaka a yarjejeniyoyin 1904 da 1906, Gazawa ta faɗa rabon Faransa, Ɗankama kuma na Ingila. Yaƙi ya kwanta, mutane suka fantsama suna sassabe, gyaɗa ta zama kuɗi, raƙumi ya ba mota hanya. A 2011 Gazawa ta fita daga ƙarƙashin Agye ta zama gunduma mai zaman kanta.

Dajin da ayari ke tsoro gatari ne ya cinye shi, fari na 1973 da na 1984 suka ƙarasa abin da ya rage. Dattawa na ba da labarin shekarun da iska ke binne shuka da rairayi, mace ta wuni tana neman kara na girki. Sai manoma, musamman na wajen Ɗan Saga a ƙasar Agye, suka rungumi sassaben zamani: a daina tumɓuke kututture, a zaɓi toho mai ƙarfi a rene shi. Gawo da kalgo da sabara suka dawo cikin gonakin gero.

Ni a ganina, wanda ya zo buɗe ido ƙasar Maradi ya tsaya ga fadar Sarkin Katsina kaɗai bai gama ba. Ya je Tsibiri ranar hawan salla, ya ga Sarkin Gobir da dawakinsa, ya ji matsayin Inna, wadda a al'adance ita ce uwar 'yan bori. Sannan ya yo gabas ya sauka Gulbin Kaba, kwarin goribar da mata ke yanko kaba suna saƙa tabarma, maza na tufka igiya, yara na gaigayar 'ya'yan har su kai ga ƙodago. Ya nemi tsoho a ƙofar fadar Gazawa, ya gaishe shi da kyau, ya ce, "Baba, ta ina kafin garin nan ya bi?" In akwai hali kuma ya bi hanyar kudu zuwa bakin iyaka wajen Ɗankama, ya ga yadda ƙauyuka da rumbuna suka cika wurin da a 1851 ba mai ratsa shi sai cikin ayari.