Shari'ar Dabino a Samnu

Da direba ya juyo ya ce "Samnu," sai na amsa masa da "yauwa, sannu kadai." Yaya ya yi dariya har da tari. Ashe sunan garin ke nan, mun iso. Daga Sabha ba mu cika awa guda a mota ba. Mun bi ta gefen Tamanhint muka nausa arewa maso gabas, sai ga gonakin dabino kore shar a tsakiyar rairayi.

Bashi ne ya kai mu. Yayana yana sana'ar citta da zoɓo a Dawanau. Ya tura kaya ta hannun wani dillali a Agadas, aka yi da wani mai gona a Samnu zai biya rabi da dabino, rabi da kuɗi. Dabinon ya iso Kano da tawaya a awo, buhuna da dama kuma ƙwari sun ɓata su. Kuɗin kuwa aka shiga ja-in-ja: da dinari aka yi cinikin, ko da sefa, ko da naira? Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, wannan tambaya ta daina zama ta wasa. Ni aka ɗauko a matsayin ɗan bokon gida. Na zo da fayil mai roba cike da rasit, da hotunan buhuna, da takardar lauya mai jan hatimi. A raina, gari na wayewa sai kotu.

A Sabha jikina ya fara sanyi. Wani lauya da aka haɗa mu da shi ya saurare ni har na gama zuba, sannan ya yi mini tambaya ɗaya: "In ka ci shari'a a Kano, wa zai karɓo maka kuɗin a nan?" Na buɗe fayil, na rufe.

Kaya ɗaya ne, amma ya ratsa ƙasa uku da doka uku. Mu a Nijeriya gadon Ingila muke bi. Nijar tana cikin OHADA, ƙasashe 17 da suka haɗa dokar kasuwancinsu tun yarjejeniyar Port-Louis ta 1993, babbar kotunsu tana Abidjan, Yamai kuma ta samu kotun kasuwanci ta musamman bisa wata doka ta 2015. Libiya tana kan kundin da masanin nan Bamisire, Sanhuri, ya tsara mata a 1953. Ba mu cikin OHADA, Libiya ma haka. Yarjejeniyar New York ta 1958, wadda ke sa ƙasa ta zartar da hukuncin masu sasanci da aka yanke a waje, Nijar ta shige ta a 1964, Nijeriya a 1970, amma lokacin da muka je Libiya ba ta cikinta. Ba wai an zauna haka nan ba ne. A 2023 Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar sasanci ana saura kwanaki ya sauka, a shekarar ce kuma majalisar wakilan Libiya ta fitar da Doka ta 10 kan sasancin kasuwanci. Kowa ya share ɗakinsa ya yi fenti, ba wanda ya fasa ƙofa tsakani.

Saboda haka muka tsinci kanmu a marbu'a, wato zauren baƙi na mutanen Libiya, sai dai nasu a jere yake da katifu da matasai, ba tabarma da buzu ba. Akwai liman, da kawun mai gonar, da wani dattijo da ya tsufa a tuƙin babbar mota tsakanin Gatrun da Dirku. Tafintanmu wani saurayi ne ɗan Damagaram da ke aikin ban-ruwa a gonakin. Aka kawo bazin, tuwon sha'ir mai tauri a tsakiyar jar miya, wanda in ka kai wa Bakano zai ce an manta an ƙara ruwa. Aka ɗora shayi, ana ta ɗaga shi sama ana zubawa har ya yi kumfa. Kofi na ɗaya, ba a taɓo maganar ba. Na biyu, ana tambayar damina a wajenmu. Ni kuwa sai duba agogo nake, kamar akwai alƙalin da zai tashi ƙarfe huɗu.

Da aka zo kan batu na miƙa fayil da hannu biyu. Dattijon ya karɓa cikin girmamawa, ya juya shi gaba da baya, ya ajiye a gefe. Can na waiwaya, sai ga yaron shayi yana fifita gawayi da shi.

Shaidar da suka nema tana cikin waya. Aka kunna saƙonnin murya na WhatsApp ɗaya bayan ɗaya, aka kira dillalin Agadas, aka ɗora wayar a kan matashi kamar shi ma baƙo ne. Aka ɗauko sikelin mai gona aka gwada shi da ƙunshin sukari na kanti, sai ga shi yana ƙari. Tawaya ta hau kansa, bai yi musu ba. Ƙwari kuwa, dillali ya amsa da bakinsa cewa kayan sun yi sati biyar a shago suna jiran mota, Yaya ma ya amsa cewa shi ya ce a jira mai araha. Aka raba musu asarar.

Saura kuɗi. A wani saƙo an ji dillali yana cewa "jikka" kaza. Ni na yi caraf na ce jaka ai naira ɗari biyu ce. Yaya ya harare ni, don wannan lissafin da ya tabbata, ko kuɗin motar komawa ba za mu samu ba. Tafinta ya yi murmushi ya ce, "Malam, a wajenmu jikka sefa dubu ce." Dattijo ya tambaya, bakin wa kalmar ta fito? Na mutumin Nijar. Shi ke nan, sefa ce. Abin da na yi tanadin shafi shida a kansa, kalma ɗaya ta kashe shi, kuma saura ƙiris in kashe mu da ita.

Da muka tashi salla na hango littattafan liman a kan kanta: Risala da Muhtasar, irin waɗanda ke zauren malaminmu. Nan na tsaya tunani. Ta wannan hanya ta Sokna zuwa Sabha da Murzuk ayarin Bature Clapperton ya bi a 1822, kafin ya kai Kano a 1824. A wancan zamani fataken Gadamas suna da gidaje a Dandalin Turawa a Kano, lokacin da Larabawa ake kira Turawa. In rigima ta tashi, alƙalin Murzuk da alƙalin Kano littafi ɗaya suke buɗewa. Abin da ake taro a manyan otal ana neman haɗawa yau, masu raƙuma sun taɓa riƙe shi.

Na kuma tambayi kaina, ni da na zo da ɗokin kotu: yaushe na taɓa ganin Yaya a gaban alƙali? A Dawanau da Kantin Kwari wajen shugabannin kasuwa ake kai ƙara. Kotun sulhu da Kano ta buɗe a 2009 ma, in ka duba, zaure ne aka sa wa fanka da magatakarda.

Har na fara shirya yabon marbu'a a raina, sai tafinta ya biyo ni bakin mota. Wani mai gona, ba namu ba, ya riƙe masa ladan wata biyar. Na ce ya kai wa dattawan mana. Ya ce dattawa suna zama ne don wanda ke da kawu a gari, ko wanda ake fatan sake ciniki da shi. Kotun Sabha kuwa, ba shi da takardar zama, in ya shiga da ƙafarsa ba lalle ya fito da ita ba.

"Malam, cikin takardun nan akwai wadda bayanta ba rubutu?"

Na zaro takardar lauya, gefenta ya ɗan sha hayaƙi, na juya ta a kan bonet. Yana faɗa ina rubutawa, wata-wata, daga Rajab zuwa Zulƙida, da abin da aka yi za a ba shi. Ya ce in sa hannu a ƙasa a matsayin shaida, in rubuta Kano a gefen sunana. Ya ninke ta huɗu ya cusa a bayan robar wayarsa, ya koma wajen injin ban-ruwa.