Kwali Goma Sha Huɗu: Godiya Ga Dattijon Unguwarmu

Na daɗe ina juya wannan magana a raina, kunya tana hana ni rubuta ta, domin ba yadda zan gode wa waɗanda suka taimake ni sai na fara tona wautata. Amma an ce yaba kyauta tukwici, ni kuwa ba ni da tukwicin da ya wuce wannan.

Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, manomin shinkafa ne a fadamar Birnin Kebbi. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 gari ya fara buɗewa, sai ya riƙa tara kuɗin shinkafa har ya sayi filaye biyu a Badariya. Da aka zo rabon gado, filayen suka faɗo mana ni da ƙanena. Ni ne babba, ni na ɗauki igiya na zagaye na farko, na zagaye na biyu, kowanne ya ci ƙafa 300 cif. Na ce Alhamdu lillahi, Baba ya hutar da mu. Ƙanena ya zaɓi dogon, don ya fi cika ido, na ɗauki ɗayan. Magini ma da ya ƙiyasta bulon katanga ya ce adadi ɗaya za su ci. Sai na ƙara sakankancewa.

Da ƙanena ya tashi fitar da harsashi, sai ya ga in ya jera ɗakuna, tsakar gidan ba za ta wuce lungu ba. Ya same ni a hankali ya ce, "Yaya, anya filayen nan ɗaya ne?" Na hau shi da faɗa. Na ce kai ka zaɓa, a gabanka aka ja igiya, igiya kuwa ba ta ƙarya. Wata biyu muka yi ba ma haɗuwa sai a sahun salla. Mahaifiyarmu ba ta ce komai ba, amma kwanon abincinta ya riƙa dawowa yadda aka kai shi.

A bayan gidanmu akwai wani dattijo, tsohon malamin lissafi da ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyarwa tsakanin Argungu da Birnin Kebbi. Wata rana bayan la'asar ya kira ni ya ce, "Ɗana, zo ka taya ni wani ɗan aiki." Ko da wasa bai ambaci rigimarmu ba. Na tarar ya shimfiɗa tabarma a gindin dogonyaro, jikansa yana ta yanka kwalin sabulu ƙanana ƙanana, kowane gefe daidai da ɗan'uwansa. Malam ya ƙulla bakin zare biyu, ya kafa ƙusa huɗu a ƙasa, ya ɗora zaren a kansu: tsawo wurin kwali 10, faɗi wurin kwali 5. Ya ce in cike cikin. Na jera, kwali 50 suka shiga.

Sai ya tuge ƙusoshin ya sake kafawa, tsawo 12, faɗi 3. Zaren nan dai shi ne, ba a ƙara ba, ba a rage ba. Ya ce in sake jerawa. Na jera 36 wuri ya cika, ga 14 a hannuna ba inda zan sa su. Ya dube ni ya ce, "To waɗannan fa, na wane ne?"

Wallahi gumi ne ya karyo mini. Ban iya ɗaga kai ba.

Daga nan ya yi mini bayani kamar mai lallashin yaro. Ya ce igiya kewaye take aunawa, wato inda katanga za ta bi. Ƙasar da za ka taka kuwa sai ka ninka tsawo da faɗi. Fili yana ƙara siranta, cikinsa yana ƙara zubewa, ko da kewayen bai motsa ba. Ya ja zaren ya zama 14 da 1, kwali 14 kawai ya ɗauka. Ya ce a duk filayen nan masu kusurwa huɗu da igiya ɗaya za ta zagaye, wanda tsawonsa da faɗinsa suka zo daidai shi ya fi ciki: da igiyarmu ta ƙafa 300, fili mai 75 da 75 zai ba da murabba'in ƙafa 5,625.

Da ya ga jikina ya yi sanyi, sai ya ce ba a kaina aka fara ba. Ya ba ni labarin Furokulus, malamin Girka na ƙarni na 5, wanda ya rubuta yadda wasu suke cutar abokan rabonsu da fili mai dogon kewaye da ƙaramin ciki. Ya ce Al-Khawarizmi ma, a littafinsa na aljabara da ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, ya haɗa babin awon ƙasa da lissafin wasiyya da gado wuri guda.

Washegari da sassafe, duk da ciwon gwiwa, ya bi mu har filayen da tef ɗin awo. Nawa ƙafa 100 da 50, murabba'i 5,000. Na ƙanena 120 da 30, murabba'i 3,600. Bambanci 1,400, rabinsa haƙƙin ƙanena ne da na kusa ginawa a kai ina kwana ina tashi. Malam ya ce iyakar saninsa ke nan. Darajar wuri da kusanci da titi, wannan sai malamin gado da masu sanin farashi. Aka yi ƙima, na biya ƙanena cikon haƙƙinsa. Ranar mahaifiyarmu ta cinye tuwonta har ta nemi ƙari.

Baba Malam, na gode, na gode. Na kai maka ɗan abin goro ka mayar mini, ka ce in saya wa yara littafi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ka rufa mini asiri: ka bari na gano kuskurena da hannuna, ba kowa a wurin sai jikanka. Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara lafiya da nisan kwana, Ya sa a mizani.

Ina gode wa Inna, uwargidan Malam, da ta aiko mana da fura mai sanyi tun ba mu nema ba. Ina gode wa yaron da ya yanka kwali har almakashi ya yi masa kanta, Allah Ya yi masa albarka. Ina gode wa maginin da ya dawo ya riƙe mana bakin tef a cikin rana, ya ƙi karɓar ko kuɗin mashin, yana ta ba da haƙuri a kan laifin da ba nasa ba. Na gode wa mai unguwa da liman da suka zauna shaida.

Kai kuma ƙanena, gaskiyarka ce tun farko, amma ko sau ɗaya ba ka ce mini "ai na faɗa" ba. Ka yafe mini. Kwalayen nan 14 na roƙi Malam ya bar mini su. Bakwai suna cikin aljihun rigar da na sa ranar, bakwai na kai maka, na kuma ji an ce ba ka yar ba.