Faifan Garmaho: Daga Kantunan Sabon Gari Zuwa Allon Waya

Kafin waƙa ta fara, akwai wata 'yar ƙara da allura ke yi a bakin faifai, shuuu, da ɗan ƙas-ƙas a cikinta. Ba ta wuce daƙiƙa biyu ko uku, amma a cikinta ake yin tsit, mai tari ya haɗiye tarinsa, mai goyo ta jijjiga ɗanta kada ya ɓata wa mutane ji. A shagon ɗinkin Kawu na fara sanin ta, a Fagge ta Kano, wajen ƙarshen shekarun 1960, cikin warin man keke da sabon yadi da gawayin dutsen guga.

Garmahon Kawu na farko irin wanda ake wanawa ne, wanda ya gada daga maigidan da ya koya masa ɗinki. Akwati ne baƙi mai marfi, da hannun ƙarfe a gefe. Aikin wanawa namu ne yara, kuma har faɗa muke yi a kansa. In aka yi sake wanin ya saki, sai muryar mawaƙi ta soma kauri tana jan ƙafa, mace ta koma namiji, namiji ya koma abin tsoro, mu ko mu fashe da dariya har sai Kawu ya ɗaga tsinken awo. Faya-fayan irin masu juyi 78 ne a minti, masu nauyi, kowane gefe waƙar minti uku ko ɗoriya kaɗan. In ɗaya ya suɓuce ya faɗi, sai ya tarwatse kamar kasko. Allurai kuwa na ƙarfe ne, a cikin wani ɗan mitsitsin gwangwani suke zuwa, kuma ƙa'idar masu ƙera su ita ce a canja allura bayan kowane gefe. Kawu bai taɓa yarda da wannan ƙa'ida ba. Wasa abarsa yake yi a kan dutse ya mayar, yana cewa Bature ne ke neman kasuwa.

A jikin wasu faya-fayan akwai hoton kare yana leƙa bakin garmaho, tambarin His Master's Voice. Kakarmu, Iya, ba ta ƙi waƙar ba, karen ta ƙi. Ta ce ba za a riƙa juya mata kare a gida ana tafa masa ba. Da magana ta yi yawa, Kawu ya yanko ƙyallaye ya bi karnukan ɗaya bayan ɗaya ya liƙe su da ƙaro. Daga ranar Iya ta riƙa jawo tabarmarta kusa da ƙofa idan an sa, wai iska take sha.

Bayan an gama yaƙin basasa a 1970, kantunan Sabon Gari suka sake cika. Naira ta zo a 1973, muka daina lissafi da fam da sule, ko da yake bakin tsofaffi bai daina ba. Sai ga kuɗin Udoji na ƙarin albashi a tsakiyar shekarun, ma'aikata suka samu abin da ba su saba riƙewa ba, kowa ya ɗinka sabuwar riga, teloli ma suka shaida. A nan ne Kawu ya sayi garmaho mai batir, daga baya kuma ya kawo ƙaton akwatin katako mai ƙafafu, rediyo a sama, garmaho a ciki, wanda ya cinye rabin ɗakinsa. Amaryarsa ta saƙa masa mayafi, ta ɗora furen roba a kai.

Sayen faifai tafiya ce da ake shiryawa. Sai ƙarshen wata, in masu ɗinki sun biya, Kawu zai goge kekensa Raleigh, ya ce, "Kai, zo ka riƙe mini kaya." Tun daga nesa kake jin kantunan kafin ka gan su, don kowane mai kanti ya kafa lasifika a bakin ƙofa yana neman danne maƙwabcinsa. Nan Rex Lawson, can Victor Uwaifo, gaba kaɗan Ebenezer Obey da Sunny Ade, wani ya saki Jim Reeves yana ta lallashi, wani kuma Jimmy Cliff. A tsakaninsu muryar Lata Mangeshkar ko Mohammed Rafi na ratsowa, waƙoƙin da samari suka riga suka haddace a silima ba tare da sun san ma'anar kalma ɗaya ba. Ga ƙamshin tsire da soyayyar doya, ga hayaƙin babura, duk a haɗe.

Kantin da Kawu ya fi zuwa na wani Inyamuri ne da ya fi ni iya Hausar Kano. Yana hango mu zai ce, "Maigida, sannu da zuwa. Na ajiye maka wani, ban nuna wa kowa ba." Haka yake gaya wa kowa, kuma kowa ya sani, amma ana jin daɗin ji. Kawu zai zaro faifan daga kwali da tafin hannu biyu, yatsa ba ya taɓa tsakiya. Ya fita da shi bakin ƙofa ya karkata shi ga haske yana neman karce, ya daidaita shi da idonsa ya ga ko ya lanƙwashe. Sannan a sa masa. Ba ya biya sai ya ji gefe biyun, kuma yana ji yana ɓata fuska, don kada mai kanti ya gane ya so. Sai a shiga ciniki: tayi, albarka, ƙari, albarka, Kawu ya kama keke kamar zai tafi, a kira shi a sallama. Manyan kantuna irin su Kingsway kuɗin kaya a rubuce yake, ba tayi ba ragi, ga sanyi ga tsabta. Mukan shiga mu sha sanyin mu fito. Kawu ya ce abin da ba a taya ba, ba a san darajarsa ba.

Sai da na girma na fahimci doguwar hanyar da faifan ke biyowa kafin ya iso mu. Manyan kamfanonin, EMI da Decca da Philips, duk a Legas suke. A Onitsha akwai Tabansi, akwai Rogers All Stars, waɗanda suka fitar da Sweet Mother ta Prince Nico Mbarga a 1976, waƙar da ba lungun da ba ta shiga ba. Mawaƙanmu ma an buga su. Akwai faya-fayan Alhaji Mamman Shata da na Ɗanmaraya Jos da tambarin EMI, kuma su ne Kawu ke ajiyewa daban, a ƙasan adaka, cikin tsohon rawani. Sai dai faifai bai taɓa wadatar Shata ba. Mutumin da kan kwana yana waƙa ɗaya idan wuri ya yi daɗi, ga shi an ce ya taƙaita. Ƙaramin faifai mai juyi 45 'yan mintuna ne, babban mai 33 kuma gefensa bai cika wuce minti ashirin da 'yan kai ba. Kalangu na fara zafi, 'yan amshi sun samu gindin zama, sai ka ji allura ta kai ƙarshe tana ƙwas, ƙwas. Kuntigin Ɗanmaraya ya fi zama daidai a faifai, don shi yakan faɗi maganarsa ya gama.

A hanyar dawowa ina bayan keke, faifai a ƙirjina cikin riga, don Kawu ya fi tsoron rana a kan ɓarawo. Faifan roba ba ya fashewa irin na da, amma zafin Kano na lanƙwasa shi, ƙurar hunturu kuma ta shige cikin layukansa ta zauna. Shi ya sa kowane mai garmaho ke da ƙyallen karan-miski na gogewa. In allura ta soma tsalle, sai a ɗora mata tsohon kwabo mai huji a ka don ta nutsu. Yanzu masana sun ce wannan dabara cinye faifai take yi. Wataƙila haka ne, amma waƙa dai ta daina tsalle.

Da yamma ake buɗe sabon faifai. A shimfiɗa tabarma a ƙofar shago, maƙwabta su taru, mai shayi ya matso da teburinsa. Matan cikin gida suna ji ta bayan katanga, can sai ga yarinya ta fito: "Kawu, wai in ji Inna a sake sa na ɗazu." Da ladan ya ɗaga murya, ko ana tsakiyar baiti ne, a ɗage allura. Aro kuwa ba a hana shi, ba a kuma cika dawo da shi ba. Saboda haka kowa ke rubuta sunansa a jikin kwali, wani da boko, wani da ajami, wani har da unguwa da gargaɗi ga wanda ya riƙe.

Kaset ne ya kawo ƙarshen wannan zama, kuma ban ga laifinsa ba. Kamfanin Philips ya fito da shi tun 1963, amma sai wajen ƙarshen shekarun 1970 ya mamaye mu. Ba ruwansa da ƙura, yana shiga aljihu, direba na sa shi a mota, yana ɗaukar awa guda ko awa da rabi, ga Shata ya samu fili. Ana ɗaukar tafsiri da wa'azi a kansa. Uwa uba, mutum ɗaya ya saya, unguwa ta kwafa. Kwafe-kwafen nan da tsadar shigo da kaya a shekarun 1980 suka karya kasuwar faifai, kamfanonin waje suka sayar da rassansu suka tafi. Kantunan Sabon Gari suka koma kaset, daga nan bidiyo, yau kuma waya da caja. Faya-fayan suka bi hanyoyi iri-iri. Wasu yara suka gara su a titi, wasu masu aski suka kafe su a bango don ado, wasu suka zama murfin tulu, sauran 'yan gwangwan suka kwashe.

Ashe a wani wurin ana neman su. Daga farkon shekarun 2000 wasu kamfanonin Turai suka shiga tono tsofaffin waƙoƙin Afirka ta Yamma suna sake bugawa. Strut ta fitar da Nigeria 70 a 2001, Soundway ta biyo da jerin Nigeria Special, ga kuma Analog Africa a Jamus. Masu saye suka riƙa bin gidaje da rumbunan tsofaffin 'yan kasuwa suna kwasa da buhu. Ba na jin haushinsu. Abin da muka bari a rana suka ɗauka suka kai inuwa. A Amurka ma faifan ya farfaɗo, har a 2022 aka sayar da shi fiye da CD, karo na farko tun 1987.

Jikana ne ya nuna mini inda ake cinikin yanzu. Akwai wani shafi a intanet, Discogs, da aka kafa a 2000, inda masu sayarwa daga ko'ina a duniya ke jera abin da suke da shi. Akwai eBay, inda ake gwanjo, wanda ya fi tayi ya ɗauka. Sababbin bugu kuma ana samun su a Bandcamp ko a shafukan kamfanonin da kansu. Wanda ke son ya taɓa da hannu, a Legas akwai Jazzhole a titin Awolowo, Ikoyi, kantin littattafai da faya-fayai. Na ce wa yaron ya rubuta Shata. Sai ga kwalayen da na sani suna fitowa a allon waya, kuɗinsu da dala ko yuro, mai sayarwa yana Faransa ko Ingila ko Japan.

Na tambaye shi, to yaya ake ji kafin a biya? Ya ce, "Kaka, ba a ji. Haruffa ake dubawa." Wai mai sayarwa ne ke auna lafiyar faifan: NM kusan sabo, VG+ an ɗan mora amma garau, G kuma sai haƙuri. Ana duba shaidar da masu saye na baya suka yi masa, ana neman hoton faifan da na kwalin. Bayan haka ga kuɗin aikawa, wanda sau da yawa ya kan kai kuɗin faifan ko ya fi, ga canjin dala, ga kwastan, ga fargabar kada ya kwana a rana a hanya. Ba mai cewa ya ajiye maka wani bai nuna wa kowa ba.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne, a cikin aibobin da masu sayarwa ke lissafawa har da rubutu a jikin kwali, kuma yana rage kuɗi. Wato sunan nan da wani tela ko direba ya zauna ya rubuta da biro don kada aboki ya riƙe masa, shi ne yau illa. Na sa yaron ya riƙa buɗe mini hotunan yana faɗaɗawa. Ba faifan nake kallo ba, rubutun nake bi ko zan ga hannun da na sani.

Akwai kuma abin dariya. A 2013 wani kamfani a Portland ta Amurka, Sahel Sounds, ya tattara waƙoƙin finafinan Hausa, irin waɗanda yaranmu ke haɗawa da fiyano da kwamfuta, ya buga su a faifan garmaho da sunan Harafin So. Shi ne kuma ya buga kiɗan Mamman Sani na Yamai. Waƙar da aka yi a Kano don kaset da waya, ga ta a faifai, a ƙasar da ba a jin Hausa, alhali a Kanon da wuya ka samu gidan da allurarsa ke aiki. Da Kawu na raye da ya tambayi nawa suka sallama.

Saboda haka, mai karatu, idan akwai tsohuwar adaka a ɗakin mahaifinka da ba a buɗe ba tun rasuwarsa, ka duba kafin mai gwangwan ya zo. In ka tarar da faya-fayai, jera su a tsaye, kada ka ɗora wani kan wani, ka bar su cikin kwalayensu, kada kuma ka goge sunan da ke jiki. In ka rasa yadda za ka yi da su, nemi irinmu, muna nan ba mu ƙare ba. Ni dai ina saye, amma sai an sa mini na ji gefe biyun.