Mai a Cikin Mai

Kalmar "mai" tana ɗaya daga cikin kalmomin da Bahaushe ya ɗora wa kaya fiye da kima. Man gyaɗa mai ne, man shanu mai ne, fetur mai ne, haka kuma baƙin man da ake zuba wa inji. A aji wannan ba ya damun kowa, domin jimla tana fayyace wanda ake nufi. Amma a bakin ruwa, inda ake haɗa biyu daga cikinsu a jarka ɗaya kafin jirgi ya tashi, rashin bambancewar kan jawo asarar inji, wani lokaci ma har ya jefa fasinjoji cikin haɗari.

Ni ɗan Yawuri ne ta jihar Kebbi, kuma kawuna yana da jirgin ruwa mai inji da yake jigilar mutane da kaya zuwa kasuwannin bakin tafkin Kainji, tafkin da ya samu bayan kammala madatsar ruwan a 1968. Duk hutu a wurinsa nake yi, aikina kuwa shi ne awon mai. Injinsa Yamaha Enduro ne, irin wanda ake rataya wa a bayan jirgi, wanda Turawa ke ce wa mai bugu biyu. 'Yan'uwana ɗalibai da ba su taɓa hawa jirgi ba sun san ƙanensa, wato ƙaramin janareton nan Tiger da ke cika ɗakunan kwananmu da hayaƙi.

Injin mota yana da ma'ajiyar baƙin mai a ƙasansa, man yana zagayawa yana komawa. Wannan kuwa ba shi da ita. Fetur ɗin da ya fito daga kafireto sai ya ratsa ta cikin cikin injin kafin ya kai inda zai ƙone, don haka man da aka gauraya a cikinsa shi kaɗai ne ke shafar fistin da ringi da boris. Da ya gama aikinsa sai ya ƙone tare da fetur ya fita. Ke nan kowace jarka da nata rabon man, babu wani ragowa na jiya da zai taimaka.

Ƙa'idar irin injin kawu ita ce 50:1. A nan ne ɗalibin harshe zai tsaya, domin na sha jin ana karanta ta "hamsin da ɗaya", alhali a Hausa hamsin da ɗaya 51 ne. Abin da ake nufi shi ne mudu hamsin na fetur, mudu ɗaya na man inji. Kowace lita tana cin mililita 20. Jarka mai lita 25 tana cin rabin lita, mai lita 20 kuwa mililita 400. Idan injin sabo ne fil, sai a ninka man ya zama 25:1 na awa goma na farko, har ƙarafan su saba da juna.

A bakin ruwa ba wanda ke maganar mililita. Ana awo ne da abin da ke hannu. Gorar ruwa mai lamba 50cl ita ce daidai jarkar lita 25, amma akwai mai 75cl da ke kama da ita. Wasu da gwangwanin madara suke yi, uku ga jarka, wanda yake kusa da rabin lita amma bai cika ba. Matsalar babba ita ce jarkokin kansu, don rawayar jarka mai lita 20 da mai 25 sai an duba da kyau. Kawu yana da kwalba ɗaya da ya yi wa zane biyu da wuƙa, ba ya yarda a auna masa da wata. Yakan ce mini, "Ɗana, fara zuba fetur kaɗan, ka sa man, ka girgiza, sannan ka cika." Dalili kuwa man ya fi fetur kauri, in aka tuttula shi a cikin cikakken tanki aka bari, ba lallai ya gauraye ba.

Idan man ya yi yawa, injin zai yi ta tuƙa hayaƙi, fulogi ya yi baƙi ya jiƙe, tayarwa ta yi wuya. Wannan ɗan ɓacin rai ne kawai, a goge fulogi a ci gaba. Idan ya yi kaɗan, babu alamar da za ta faɗakar da wuri. Injin ma sai ya yi kamar ya fi lafiya, babu hayaƙi, har sai fistin ya yi zafi ya kama jikin silinda ya tsaya cak. Na ga jirgin da hakan ta faru da shi a tsakiyar tafki ranar kasuwa, iska na kaɗawa, mata da goyo a ciki, sai da wani jirgin ya jawo su. Yaron direban ne aka ce wa ya sa mai, shi kuwa ya cika tanki da fetur zalla, kuma a fahimtarsa ya yi abin da aka ce.

Irin man ma abin lura ne. Man mota yana barin toka idan ya ƙone, ta taru a kan fistin da bakin fulogi. Na babur an yi shi ne don injin da iska ke sanyayawa. Wanda ya dace da injin jirgi, da ruwa ke sanyayawa, shi ne mai ɗauke da alamar TC-W3 a jikin robarsa.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, tsadar ta sa wasu direbobi rage awon man ko sayen na bakin hanya da ba a san asalinsa ba. Ni a ganina lissafin bai fita ba, domin man bai kai kashi biyu cikin ɗari na abin da ke tankin ba, kuma kuɗin fistin da ringi da ladan makanike sun ninka abin da aka tsimi sau da yawa. Kawu dai ya zaɓi rage yawan sawu, yana jira jirgi ya samu fasinjoji kafin ya tashi, kwalbarsa kuwa har yanzu ana cika ta zuwa zane na sama.